Jirgin Babanku a Kan Gonar Gero

Ƴaƴana, zan tsallake shekarun da babu komai cikinsu sai haihuwa da yaye da daka da jan guga, in zo kan shekarar da ruwa ya ci gonarmu. Ita ce kuka fi jin labarinta a bakin mutane, ita ce kuma aka fi karkata muku. An gaya muku kakarku ta yanka wa Doguwa, aljanar tabki, baƙar kaza, shi ya sa jirgin babanku ya daina shan ruwa. An ma ƙara da cewa ni na riƙe ƙafafun kazar. Ina wurin da idona da hankalina, kuma na kai shekarun da ba na son in tsaya gaban Ubangijina alhali na bar muku magana a karkace. Don haka ku saurara, in faɗa muku yadda aka yi.

Ku da kuka tashi kuka tarar da tabki a bayan gari, har kuna iyo cikinsa kamar agwagi, ba za ku gane irin mutanen da muke ba a lokacin. Mu mutanen tudu ne, ƴan yashi da jan dutse. Ruwan da muka sani shi ne wanda ake jawowa daga rijiya, ana tattalinsa kamar mai. Ni da na yi kwaleji a Dogon Dutsi na san sunayen koguna da yawa, zan iya nuna muku su a taswira, amma ban taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin tsallakawar jaki ba. Babanku kafinta ne, ƙofofi da tagogi da bencin ƴan lakwal, wato makarantar boko, da makarar masallaci in ta karye. Amma sana'ar ƙauye ba ta ciyar da gida ita kaɗai. Abin da ke cika rumbunmu shi ne gonar da ya gada a cikin kwari, gonar da kowa ke yi mana sha'awarta saboda tana riƙe laima ko a shekarar da ruwa ya yi rowa.

A wannan shekara ruwa bai yi rowa ba. Gero ya riga ya fitar da kai, muna ta hamdala, sai sama ta buɗe ta ƙi rufewa. Duk ruwan da ya sauka kan duwatsu ya gangaro, ya haɗu da na tabkunan da ke sama da mu da suka cika suka fashe, ya zo ya zauna cikin kwarinmu kamar baƙon da ya ajiye kayansa. Da muka je dubawa, kawunan gero kawai muke gani suna leƙe. Da muka sake komawa, babu ko su. Sama ce kawai kwance a ƙasa, da girgijenta da komai, daidai inda nake kai wa babanku fura. Na yi kuka, amma in faɗa muku gaskiya, cikin kukan nan akwai wani abu kamar tsoro mai daɗi. Ban taɓa sanin Allah zai iya shimfiɗa sama a ƙarƙashin ƙafar mutum ba.

Kawunku Sani, ƙanen babanku, a lokacin saurayi ne mai shago a Dogon Dutsi, mai ɗan gemu da ɗagaggen wando da babur mai ƙara. Yaro ne mai kirki da son addini, sai dai bakinsa ya fi babur ɗinsa sauri. Shi ya kawo maganar tafiya. Ya ce samarin garinmu za su tashi bayan kaka zuwa haƙar zinariya can bayan Agadas, ya kuma san mai motar, zai sama wa yayansa wuri. Yayana Hamidu can ya tafi, kuma abin da aka dawo mana da shi wayarsa ce kawai a cikin leda. Ku kuna ƙanana, Hadiza tana goye. Na san in babanku ya hau motar nan, zan zauna ina kallon hanya har idona ya mutu. Na bar shi da shawararsa, don rumbu babu kowa ciki sai ɓeraye, kuma mace ba ta hana namiji neman abincin ƴaƴansa da baki kawai.

Sai ga kifi. Mata masu wanki suka fara ganin ruwan yana motsi, aka ce maciji ne, ashe tarwaɗa ce ta biyo ambaliya daga tabkunan sama. Gari ya ruɗe. Aka kwashi na bakin gaɓa da kwanduna da tsofaffin gidajen sauro, muka ci miyar da ba mu taɓa ci ba. Daga nan kifin ya yi wayo ya koma tsakiya, inda laka ke haɗiye mutum har cinya, ruwa kuma ya kai wuya. Duk garin babu wanda ya iya iyo. Muna tsaye muna kallonsu suna bugun ruwa da wutsiya, daidai kan gonarmu.

Wata rana babanku ya dawo daga can, ya tsuguna tsakar gida yana zane a ƙasa da ƙusa. Na kawo masa ruwa, ya ce:

“Rabi, gonata ce ko ba gonata ba ce?”

“Taka ce, Malam.”

“To, abin da ac cikinta nawa ne, ko hatsi ko kihi. Ƙahwa ce ba ta kai wa. Zan yi abin da zai kai ni.”

Sau ɗaya ya taɓa ganin jirgin ruwa da idonsa, lokacin da ya je Gaya sayen katako ya tsaya bakin kogi. Sauran kuwa daga hotunan wayar Sani ya ƙare musu kallo. Suka yi alkawari shi da Sani: in jirgin ya yi kafin tashin motar, zai zauna. In bai yi ba, zai tafi. Tun daga ranar, ni ba katako nake gani ba in na kalli aikin nan. Zaman mijina nake gani ana bugawa ƙusa bayan ƙusa.

Katakon da ke rumfarsa ya isa gefuna, amma bai isa ƙasan jirgin ba. Na kwana biyu ina kallonsa yana juya guntaye yana aunawa yana ajiyewa. Sai na shiga ɗaki na kwashe katifa, na kira shi na nuna masa gadona, gadon jan katako da mahaifina ya yi mini na aure. Ya ce a'a har sau nawa. Na ce masa tabarma ba ta taɓa kashe kowa ba. Ya kwance shi a hankali, yana cire kowace ƙusa yana miƙe ta da guduma, bai yarda ya dube ni ba.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma ina jin shi ma bai taɓa yi ba. Duk rayuwarsa abu mai kusurwa huɗu yake yi. Yanzu ga shi yana lallashin katako ya lanƙwasa. Ya shimfiɗa allunan gadona a jere suka zama ƙasa, shimfiɗaɗɗiya don kada ta kafe a laka. Ya kafa wasu sanduna a gicciye, ya ce su ne haƙarƙari. Sannan ya kawo dogayen alluna biyu na gefe, ya ɗaure bakinsu da igiya, ya soka itace cikin igiyar yana murzawa kaɗan kaɗan kamar mai ɗaure kaya a kan raƙumi. Katakon yana kuka, shi yana yi masa magana ƙasa ƙasa. Ina tsaye da muciya a hannu, tuwo na ƙonewa, har bakin allunan nan biyu suka sunkuyo suka haɗu suka yi tsini. Na ce, tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Abu ne da babu shi a garin nan tun da aka kafa shi, ga shi yana fitowa daga hannun mutumin da nake zuba wa tuwo. Aikina kuma shi ne toshe tsakanin alluna. Na yayyage tsofaffin zannuwana, ina tsoma su cikin kwaltar da muke narkawa a gwangwani, ina cusawa da bakin wuƙa. Hannuna ya yi wata guda yana wari.

Mutane kuwa sun sami abin kallo. Masu wucewa su leƙo ta kan darni su ce, “Sannu da aiki, Annabi Nuhun Arewa, a ajiye muna wuri!” Sani in ya zo sai ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi, ya dube ni:

“Matar yaya, wanga makara ce anka yi wa baki, ko kuwa?”

“In makara ce, kai za mu fara gwadawa, tun da kai ne marar nauyi.”

“Ni? Ko a kwanon wanka ba ni yarda da ruwa!”

Ranar gwaji aka ɗora jirgin a amalanken jaki, gari duka ya biyo baya har da makafi. Aka tura shi ruwa, ya zauna daram. Wallahi ya zauna! Mata suka yi guɗa. Babanku ya shiga da doguwar gora a hannu, ya tura sau ɗaya, sau biyu. Sai na ga yana kallon ƙafafunsa. Ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin alluna kamar gumi, sannan kamar an huda salka. Kafin ya juyo ya kai masa ƙwauri. Ya yi tsalle ya faɗa laka har ƙugu, hularsa ta tafi yawo. Guɗa ta koma dariya.

A nan ne muka yi kuskuren da sai mutanen tudu za su yi shi. Babanku gwanin kafinta ne, kuma abu na farko da ake koya wa kafinta a ƙasarmu shi ne katako yana da maƙiya biyu, gara da ruwa. Don haka bai bar jirgin ya ƙara ko ɗan lokaci a tabki ba. Ya sa aka jawo shi da gaggawa kamar yaron da ya faɗa rijiya, aka kai gida, ya kife shi kan duwatsu a tsakiyar rana, ya ce sai ya bushe ƙarau kafin a ƙara kwalta. Ya bushe, muka ƙara, aka mayar, ya sha ruwa fiye da da. Aka sake jawowa, aka sake shanyawa. Kowane zuwa masu rakiya suna raguwa, kowane zuwa ruwan yana ƙara saurin shiga. A na ƙarshe daga shi sai ni sai jaki. Da muka dawo ya kife jirgin, ya wanke hannu, ya ce:

“Rabi, na gaji da zama abin dariya. Na ɓata miki gado a banza. Ki wanke mini tufahi, ranar kasuwa mai zuwa ta sama motar za ta tashi.”

Washegari da hantsi ina sharar ɗaki. Na tura ƙofa don in share bayanta, sai na ga zaren haske guda uku kwance a ƙasa, rana ce ta shigo ta tsakanin allunan ƙofar. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Wannan ƙofa, a tsakiyar damina, sai na sa kafaɗa nake rufe ta. Ko allura ba ta shiga tsakanin allunanta. Kowace damina mutane suna zuwa su yi wa babanku ƙorafi ƙofarsu ta kumbura ta ƙi rufuwa, kowane rani kuma su dawo su ce ƙadangare na shiga ta ciki. Shekara da shekaru muna kallon abin nan a matsayin aibin katako. Na fita na je na sa ido a cikin jirgin da ke kife, na ga rana tana shigowa ta ƙasan gadona kamar yadda take shigowa ta ƙofa. Ashe duk lokacin da katakon ya fara sha don ya rufe bakinsa, sai mu fizge shi mu kai rana.

Na sami babanku a rumfa na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, don shi ba mai katse magana ba ne, sannan ya girgiza kai.

“In bar katako ya kwana cikin ruwa? Da hannuna? Ruɓewa zai yi, Rabi. Gara in na tahi ki sami allunan da za a mayar miki da gado.”

“Ba gado nake so ba, Malam.”

Ya gane abin da nake nufi, ya sunkuyar da kai, amma bai yarda ba.

Kakarku Inna Dela tana zaune gindin darni tana kaɗi, ta ji komai. Ku kun san ta tana tsohuwa mai ba ku ƙuli-ƙuli, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ta tashi cikin tsohuwar al'adar bori ta ƙasarmu Arewa, tana salla tana azumi, amma ba ta taɓa sakin maganar iskoki ba. Ni kuwa tun ina yarinya ban yarda da wannan ba, kuma mun zauna lafiya ne saboda kowa ta san inda za ta tsaya. Ba ta kiran sunan babanku don ɗan fari ne, sai dai ta ce kafinta. Ni kuma ɗiyar lakwal. Ta ajiye mazari ta ce:

“Kai kafinta, ɗiyar lakwal ta fi ka gaskiya, ko da ba ta san dalili ba. Ruwa na da mai shi. Kun shiga gidan mutane ba sallama, kun fita ba ban kwana, kullum kuna jaye abinku awa ana ƙwace muku. A kai wa Doguwa shi ya kwana wurinta. In ta gani ta yarda, ta maido.”

“Inna, ni ba haka na ce ba,” na faɗa da sauri. “Katako ne ke kumbura in ya sha ruwa. Ikon Allah ne, babu wata mai ruwa.”

“Ke ki kira shi abin da kinka ga dama. Ni dai na ce a kai shi. Kafinta, ka ji ko ba ka ji ba?”

Babanku yana iya ƙin maganata, amma bai taɓa ƙin ta uwarsa ba. Ya ce mu yi yadda muke so, shi dai ba zai je ya ga ana nutsar da aikinsa ba.

To, ku dubi inda na tsaya. A lokacin ni ke karanta wa matan aure darasi a makarantar Islamiyya ta unguwa, saboda na iya boko da ajami, kuma babu abin da nake ƙauna a wajen gidana kamar wannan zama. Na san in aka gan ni tare da Inna Dela muna kai abu tabki mu bar shi, babu wanda zai tambaye ni mene ne a zuciyata. In kuma na ƙi, jirgi zai zauna a rana har motar ta tashi. Na yi alwala na yi raka'a biyu, na ce, ya Allah, kai ka san ba na haɗa ka da kowa, kai ka halicci itace ka halicci ruwa ka sa wannan sirri tsakaninsu. Sannan na fito na ce wa Inna zan je, da sharaɗi babu yanka, babu zuba komai. Ta ce:

“Wa ya ce miki ina da kazar ɓatarwa a shekarar yunwa?”

Baƙar kazar da ake faɗa tana nan, ta ƙara shekara biyu a gidan tana ƙwai, har muzuru ya gama da ita. Wannan shi ne iyakar labarinta.

Da rana tsaka muka tafi, gaban kowa, don na ce ba zan yi abin nan a ɓoye kamar mai laifi ba. Muka tura jirgin inda ruwa ya kai gwiwa, muka yi ta ɗebo duwatsu muna zubawa ciki. Ni ina bisimilla da ƙarfi don duk mai kunne ya ji. Ita tana motsa baki, ban san me take faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Jirgin ya yi ƙasa a hankali, ruwa ya rufe allunan gadon mahaifina, ya bar tsinin kawai a waje. Matan da ke wanki suka daina wanki.

Kafin la'asar magana ta kai Dogon Dutsi. Sani ya zo ko babur bai kashe ba. Ranar babu wasa a bakinsa.

“Matar yaya, Inna mun san halinta, muna yi mata addu'a. Amma ke? Ke da ke karantar da mata?”

Na kai shi bakin ƙofa na nuna masa hasken, na yi masa bayani. Ya ce ko da haka ne, ai na ba mutane abin faɗa, kuma wanda ya tsaya inda ake zargi kada ya yi kuka in an zarge shi. Ban ce ƙarya ya yi ba. Da na je makaranta, na tarar an ba wata littafin tana karantawa. Aka matsa mini a tabarma, matsawar da ta fi wadda ake yi don a ba mutum wuri. Ban sake riƙe darasin nan ba har yau. Na ci gaba da zuwa ina zama a baya ina saurare, shekara da shekaru, kuma ba na riƙe kowa a zuciya. Amma ya yi mini ciwo, kada in ɓoye muku.

Kwanakin nan na jira, na wanke tufafin babanku, na daka masa garin tafiya, na soya ƙuli. Kullum in na je ɗiban ruwa sai in kalli tsinin nan daga nesa, ba abin da ya canja. Wani lokaci in ce a raina, Rabi, kin sayar da mutuncinki don hasken ƙofa.

Ranar kasuwa ta zo. Da sassafe Sani ya iso zai kai yayansa tasha, aka ɗaure jaka a bayan babur. Babanku ya shafa kanku ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa:

“Malam, ni da Inna ba mu iya fid da shi. Ka cire mini shi kafin ka tahi. Tabkin a kan hanyarku yake.”

Sani ya ce mota ba ta jiran kowa. Babanku ya ce ba zai bar mata da ɗawainiyar katakonsa ba. Suka yi gaba a babur, na ba Inna goyo na bi su da ƙwarya a hannu.

Ya naɗe wando ya shiga, na ɗaure hijabi a ƙugu na bi shi. Sani ya tsaya a gaɓa yana duba waya. Muka kwashe duwatsun, jirgin ya ɗago kaɗan, bakinsa ya fito. Na fara kwalfewa da ƙwarya, shi da hannu biyu, don ya yi sauƙin ja. Katakon ya yi baƙi, ya yi santsi, ya yi nauyi. Muna kwalfewa, ruwan yana raguwa. A da in ka ɗebe ƙwarya ɗaya biyu ke shigowa. Yanzu yana raguwa kawai. Haƙarƙarin suka bayyana. Ƙasan ya bayyana. Na kankare sauran da bakin ƙwarya, na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na goge. Muka tsaya muna kallo. Babanku ya bi tsakanin alluna da farce, daga tsini har gindi. Bakin ya rufe ruf, har ya matso kwaltar waje kamar yadda ake matse ƙuli ya fid da mai. Ko ɗigo babu.

“La'ilaha illallahu,” ya ce. “Shekarata nawa ina gaba da ruwa a kan katako.”

Ya karɓi gorar da muka kafa alama da ita, ya shiga, ya tsaya, ya yi ɗan tsalle. Shiru. Sai ya miƙo mini hannu.

Ƴaƴana, na hau mota, daga baya Allah ya nufa na hau jirgin sama zuwa Makka, amma babu abin da ya kai wannan. Ƙasa ta sake ni. Duk rayuwata ina taka abu mai tauri, yau ga ni zaune a kan abin da nake sha, kuma ya ɗauke ni, ni da mijina da katako mai nauyin da jaki ke nishi a ƙarƙashinsa. Babu ƙara, babu girgiza, sai ɗan kukan ruwa a tsini. Bado ya buɗe fari fat hagu da dama, ban san inda irinsa ya kwana shekara da shekaru cikin yashin nan yana jiran ranarsa ba. Laka ta kwanta, ruwan ya yi haske. Na leƙa, sai ga karan geronmu tsaye a ƙasa, layi layi yadda muka shuka shi, ni ina jefa iri shi yana sara. Gansakuka ta yi musu riga. Tsakanin layukan nan, inda nake bi da ƙwaryar fura a kai, tarwaɗa ce ke wucewa, manya, baƙaƙe, masu gashin baki, ba sa ko sauri. Muka iso gawon tsakiyar gona, wanda nake zama gindinsa. Yau rassansa ne daidai kaina, cike da balbelu, suka dube mu ba su tashi ba. Na rasa addu'ar da zan yi. Duk abin da na haddace ya tsere, sai Subhanallah kawai ke fita, ina maimaitawa, hawaye na zuba a kan allunan da suka ƙi shan ruwan tabki.

Daga nesa muka ji Sani yana danna ƙahon babur. Ya zama ɗan ƙarami a gaɓa, yana ɗaga hannu yana nuna rana. Babanku ya kafa gorar a laka, jirgin ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sai ya haɗa hannu a baki, muryarsa ta tafi a kan ruwa fiye da yadda take tafiya a kan tudu:

“Sani! Kai jakar gida!”

“Motar fa, yaya?”

“Allah ya kiyaye hanya! In ka koma kasuwa, ka sayo mini ƙugiyoyi da zare!”

Sani ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan muka ga ya juya babur ya nufi gari, ba hanyar tasha ba. Babanku ya zare gorar, ya dube ni, fuskarsa duk laka.

“Rabi, na rikice a nan ciki. Ta wane gefe muke fara shuka?”

Na duba gawon, na duba duwatsun bakin kwari, na nuna masa gabas. Ya ce bisimilla, ya tura mu can.